Baƙon Da Ya Faɗo Daga Sama

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Mamobi ya san ƙarar jirgin sama. Filin jirgin Akra ba shi da nisa da mu, har yaran da aka haifa a nan ba su ko ɗaga kai in jirgi ya wuce. Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa unguwar nan da filin nan tare suka girma, yaƙi ne kuwa ya rene su duka biyu. Sa'ad da Malam Amadu Futa ya sami izinin zama a wurin nan a wajen 1931, daji ne da makiyayar shanu. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, shi ya cika shi da jama'a, gama sojojin Amurka sun kafa babban sansani a gefen filin jirgi, mutanen arewa kuwa suka yi ta gangarowa neman aikin lebura da kuku da wanki da gadi. In an tashi daga aiki sai su nufo Nima, wurin wani maigida da ya ba su ɗaki ba tare da ya san ubansu ba. Labarin da zan ba ku, 'yan'uwa, na mayaƙan sama ne na wannan yaƙi, musamman waɗanda aka harbo suka faɗo a ƙasar abokan gaba, da kuma masu gidan da suka buɗe musu ƙofa.

Ga abin da ya kawo jiragen wajenmu. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Hitila, sai Bahar Rum ta zama hanya mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Ga shi kuwa sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen yaƙi. Sai aka yi dabara. Aka riƙa kawo jiragen sama cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su su ratsa Afirka: daga Takoradi zuwa Ikko, zuwa Kano, zuwa Maiduguri, zuwa Fot Lami wadda yanzu ake kira Injamena, zuwa Hartum, har Alƙahira. Ayari na fari ya tashi a watan Satumba na 1940, jirgi mai jefa bom guda ɗaya samfurin Blenheim yana gaba kamar madugu, ƙananan jiragen Hurricane shida suna biye da shi. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Da Amurka ta shiga yaƙin a ƙarshen 1941, nata jiragen suka riƙa tasowa daga Birazil su ƙetare teku, su sauka a Akra su sha mai, kana su wuce.

Daga 1940 har zuwa Nuwamba 1942, ƙasar nan tamu, wadda Turawa ke kira Gold Coast a lokacin, tana kewaye da ƙasashen da gwamnatin Vichy ke mulki, wato gwamnatin Faransa da ta yi sulhu da Hitila. Yamma da arewa da gabas duk nasu ne. Haka ma Nijar, da Maraɗi da Damagaram, waɗanda hanyar Kano zuwa Maiduguri ke bi ta kudancinsu kaɗan. Chadi ce ta tsaya tare da Ingila, domin gwamnanta Félix Éboué, wanda baƙar fata ne, ya bi Janar de Gaulle tun a watan Agusta na 1940. Da ba don haka ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Baturen Ingila da ya faɗa hannun mutanen Vichy, ko na jirgin sama ne ko na jirgin ruwa, tsare shi ake yi can cikin ƙasar da yanzu ake kira Mali, har da Tumbutu, inda aka binne ma'aikatan jirgin ruwa biyu 'yan Ingila da suka mutu a tsare a 1942. Gudu kuwa ba shi da sauƙi, gama ina Bature zai ɓuya a kasuwar Maraɗi? Ku riƙe wannan tambaya, za mu sake gamuwa da ita a juye.

Inda aka fi harbo jirage, can Turai ne. Rundunar jirage masu jefa bom ta Ingila takan tashi da dare, ɗaruruwa a lokaci guda, wani daren har dubu, su nufi biranen Jamus. Babban jirgi irin Lancaster mutum bakwai yake ɗauka: matuƙi, da mai kula da injuna, da mai lissafin hanya, da mai sakin bom, da mai wayar iska, da 'yan bindiga biyu. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Ƙa'idar ita ce mutum ya yi tafiya 30 kafin a ba shi hutu. Cikin mutum wajen 125,000 da suka yi wannan aiki, 55,573 sun mutu, kusan 10,000 kuma aka kama su fursunonin yaƙi. Ba domin in wanke aikinsu nake kawo wannan lissafi ba. Bama-baman da suka saki sun ƙone gidaje da mata da yara a Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, kuma tun yaƙi yana ci Bishop George Bell na Chichester ya miƙe a majalisar dattawan Ingila, a Fabrairu 1944, ya ce ƙone birane ɗungum ba daidai ba ne. Ya sha baƙin jini saboda maganar, a ganina kuwa gaskiya ya faɗa.

Hanyar zuwa Jamus da komowa ta kan Holan da Beljiyam da arewacin Faransa take bi, ƙasashen da Jamus ta mamaye tun 1940. A nan ne aka jera igwa masu harbo jirgi, da manyan fitilu masu haska sararin sama, da ƙananan jiragen yaƙi masu farauta cikin duhu. In jirgi ya kama wuta, 'yan daƙiƙoƙi ne suka rage wa mutanen ciki. Kowa ya lalubi laimarsa ya ɗaura, ya rarrafa zuwa wata 'yar ƙofa da ke ƙasa, jirgi yana juyawa da shi kamar ganye cikin guguwa. Ƙofar Lancaster ƙarama ce ƙwarai ga mutumin da ya sha kayan sanyi, shi ya sa cikin bakwai ɗin nan sau da yawa ɗaya ne kaɗai kan fita da rai. Wanda ya fita, sai ya tarar da kansa yana lilo cikin sama shiru, bai san ko a ruwa zai sauka ba, ko a kan itace, ko a tsakiyar barikin Jamusawa.

Ba a bar su haka kawai ba. Tun Disamba 1939 Ingila ta kafa wani ofishi mai suna MI9, aikinsa koya wa soja gudu da ɓuya. Kowane mayaƙin sama yana da ɗan ƙunshi a aljihu: taswira da aka buga a kan ƙyallen siliki domin kada ta jiƙe ta yage ko ta yi ƙara, da allurar nan mai nuna arewa, ƙarama har akan ɓoye ta cikin maɓalli, da kuɗin ƙasar, da ƙwayoyin abinci, da na tsabtace ruwa. An kuma koya masa ya binne laimarsa, ya yi nisa da wurin da jirgi ya faɗi, ya yi tafiya da dare ya kwanta da rana. Amma duk wannan guzurin kwana biyu ne ko uku. Bayan haka yunwa da sanyi da kumburin ƙafa za su kai shi inda ba makawa sai ya je, wato ƙofar wani manomi da bai san shi ba, ba ya kuma jin harshensa. Shawarar da aka ba su ita ce su zaɓi gidan talaka da ke gefe shi kaɗai, su yi ta kallonsa daga nesa har su tabbata ba soja a ciki, sa'an nan su ƙwanƙwasa bayan magariba.

A bakin wannan ƙofa ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna, domin mutum biyun da ke tsaye a wurin ba hatsari ɗaya suke ciki ba. Mayaƙin da aka kama cikin kakinsa, yarjejeniyar Janiba ta 1929 ta tsare shi. Za a kai shi sansanin fursunoni, a ba shi abinci ko da marar daɗi ne, ya rubuta wasiƙa gida, ya jira yaƙi ya ƙare. Maigidan da ya ba shi ruwa kuwa ba wata takarda da ta tsare shi. A watan Satumba na 1941 shugaban sojojin Jamus a Faransa ya sa aka manna sanarwa a bango, cewa duk namijin da ya taimaki mayaƙin sama na abokan gaba za a harbe shi, mace kuma za a kai ta sansanin azaba a Jamus. Har lada aka sa wa wanda ya tona. Kowa ya karanta, kowa ya sani. Duk da haka dubbai suka buɗe ƙofa.

Mu da muke zaune a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya mun san wuyar abin fiye da mai karanta shi a littafi. Baƙo raɓa ne, in ji mutane, amma wannan baƙon sai ya yi mako uku ko wata biyu kafin hanya ta samu. A Nima mai koko ta san mutum nawa suka kwana a ɗakinka daga yawan ƙosan da ka saya da safe. To, haka yake a can, har ya fi, domin abinci da kati ake sayensa, kowane gida da adadin bakinsa. Sai uwargida ta ciyar da ƙaton saurayi daga rabon 'ya'yanta, ta wanke rigarsa ta shanya a cikin ɗaki, ta koya wa ɗanta ɗan shekara shida kada ya faɗa a makaranta cewa akwai wani kawu a bisa rufi.

Manomi ba zai iya kai baƙonsa Ingila ba. Abin da zai iya shi ne ya raɗa wa wanda ya amince da shi, sau da yawa malamin makaranta ko likita ko fada na ƙauyen, shi kuma ya raɗa wa wani. Da haka aka ƙulla hanyoyin ɓoye, hannu zuwa hannu, kamar yadda fataken goro na dā ke miƙa baƙo daga maigidan Salaga zuwa maigidan zango na gaba. Wadda ta fi suna cikin hanyoyin ita ce Comète, wato tauraro mai wutsiya. Wata budurwa 'yar Beljiyam ce ta kafa ta tare da abokanta, sunanta Andrée de Jongh, ana kiranta Dédée. A watan Agusta na 1941, tana da shekara 24, ta bayyana a ofishin ƙaramin jakadan Ingila a Bilbao ta ƙasar Sifen, tare da wani sojan Ingila da 'yan Beljiyam biyu, ta ce daga Burasel ta kawo su, a ƙafa suka haye duwatsu, in za a biya kuɗin hanya kuma za ta kawo wasu. Da fari Turawan Landan sun yi zaton tarkon Jamus ce. Daga baya suka yarda.

Daga Burasel zuwa iyakar Sifen ya fi kilomita 1,000, wato ya fi nisan Akra zuwa Bawku. Kafin a tashi sai an yi wa baƙon tambayoyi filla-filla a kan rundunarsa da garinsu, domin Jamusawa sukan aiko nasu mutane masu jin Turanci cikin kayan mayaƙin Ingila. In ya ci jarrabawa, a ba shi tsofaffin tufafi da takardun jabu masu hotonsa da sabon suna. A koya masa yadda zai riƙe taba, da yadda zai yi tafiya ba irin ta soja ba, in an yi masa magana a jirgin ƙasa kuma ya yi kamar barci yake, ko kuwa ya zama kurma. Daga nan sai Paris, sai jirgin dare zuwa kudu, jagorar tana gaba da 'yan taku, yawanci yarinya ce, shi yana biye kamar bai san ta ba. Zango na ƙarshe wani gidan gona ne a Urrugne, a gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen, gidan wata gwauruwa mai 'ya'ya uku, Frantxia Usandizaga. A nan wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Florentino Goikoetxea, wanda ya san kowane lungu na dutsen tun yana safarar kaya, yakan karɓe su cikin dare, su yi ta hawa har su ƙetare kogin Bidasoa da ƙafa kafin gari ya waye. Motar jakadan Ingila ta kwashe su zuwa Madrid, daga can sai Jibralta, sai gida. Dédée da kanta ta raka mutum fiye da 100 ta wannan hanya.

Ran 15 ga Janairu 1943 ruwan sama ya hana su tashi daga gidan gonar, sai aka yi musu dirar mikiya. Aka kama Dédée da mayaƙan sama uku da gwauruwar. Mayaƙan aka kai su sansanin fursunoni. Dédée ta gaya wa masu tuhumarta cewa ita ce shugabar hanyar, suka ƙi gaskata ta, wai yarinya ƙarama kamarta ba za ta iya ba. Wannan raini ne ya tsirar da ita daga harbi, amma aka kai ta Ravensbrück, sa'an nan Mauthausen, ta fito a 1945 ƙashi da fata. Frantxia Usandizaga ba ta fito ba, a Ravensbrück ta mutu a 1945. Uban Dédée, Frédéric de Jongh, shugaban makarantar firamare ne, shi ya riƙe aikin a Paris bayanta. Wani maci amana mai suna Jacques Desoubrie ya shiga cikinsu kamar mai taimako, ya bashe shi a watan Yuni na 1943, aka harbe shi a watan Maris na 1944. Wannan Desoubrie ɗin ne kuma ya ba da da yawa daga cikin mayaƙan sama 168 da aka kai sansanin Buchenwald a Agusta 1944, domin an kama su cikin farin kaya, aka ce 'yan leƙen asiri ne. Bayan yaƙi kotun Faransa ta yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a 1949. Duk da kame-kamen nan hanyar ba ta mutu ba, in an kama ɗaya sai wani ya ɗauka. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta Comète ta taimaki mutum kusan 800, daga cikin masu taimakon kuwa an kama wajen 700, kusan 290 suka mutu.

Duk lokacin da na koyar da sura ta biyu ta Littafin Joshuwa a ajin baftisma, nakan tambayi yara su faɗa mini sunayen 'yan leƙen ƙasa biyu da aka aika Yariko. Sai su yi ta bincike ba su samu ba, gama ba a rubuta ba. Sunan matar da ta ɓoye su a kan soro ne aka rubuta, Rahab, har ya sake fitowa a farkon Bisharar Matiyu cikin kakannin Ubangijinmu. Littattafan yaƙi da sinima akasin haka suka fi yi: sunan matuƙi da lambar jirginsa suna nan, matar da ta dafa masa dankali kuwa sai a ce wata manomiya. Ita Dédée sunanta bai ɓata ba, sarkin Beljiyam ma ya ba ta sarauta a 1985. Amma abin da ya fi burge ni shi ne inda ta kai sauran ƙarfinta. Tun tana yarinya take sha'awar Fada Damien, ɗan ƙasarsu da ya yi hidima cikin kutare a tsibirin Molokai har cutar ta kashe shi a 1889. Da ta warware sai ta koyi aikin jinya ta taho Afirka, ta yi shekara fiye da ashirin tana wanke gyambon kutare a Kwango da Kamaru da Habasha da Sanagal. Ta rasu a 2007 tana da shekara 90.

Yanzu mu koma ga tambayar da na ce a riƙe. Dukan dabarar hanyar ɓoye a kan abu ɗaya ta tsaya, wato baƙo ya saje da mutanen gari. Ana iya sauya wa mutum riga da suna da tafiya. To, in baƙar fata ne fa? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a 1939 Ingila ta ɗage dokar da ta hana baƙi zama hafsoshi a rundunarta, 'yan Afirka ta Yamma kaɗan kuwa, ba su kai ɗari ba, suka shiga aikin jirgi. Cikinsu akwai Akin Shenbanjo ɗan Nijeriya, mai wayar iska a jirgin Halifax, wanda ya sami lambar girma ya kuma ga ƙarshen yaƙi da ransa. Akwai kuma Johnny Smythe, ɗan Firitawun ta Saliyo, wanda aka haifa a 1915, mai lissafin hanya a jirgin Stirling. Daren 18 ga Nuwamba 1943, a harin da aka kai Mannheim, igwa ta sami jirginsu, shi ma ya ji rauni, ya yi tsalle da laima. A cikin Jamus kanta ya sauka, inda ba wata hanyar ɓoye. Ya shiga wani ɗakin ajiyar ciyawa ya ɓuya, ba a daɗe ba aka kama shi, aka doke shi wajen tuhuma, aka kai shi sansanin Stalag Luft I a Barth, bakin teku can arewa. Wata 18 ya yi a ciki. Yana taimakon waɗansu wajen shirin gudu, amma shi bai gwada ba, yakan ce cikin raha baƙin mutum mai tsawo fiye da ƙafa shida ba zai yi nisa a wannan ƙasa ba. Sojojin Rasha suka buɗe sansanin a 1945. Ya koyi aikin lauya, ya koma Saliyo ya zama babban lauyan gwamnati, ya rasu a Ingila a 1996.

Wanda ya faɗo a ƙasar da aka mamaye shi ne Cy Grant, ɗan wani fasto daga Guyana, mai lissafin hanya a jirgin Lancaster da aka harbo a kan Holan a watan Yuni na 1943. Ya wuni cikin gona yana ɓoye, daga bisani wani manomi ya kai shi gida, aka wanke masa rauni aka ba shi abinci. Alherin bai iya wuce nan ba, gama ba takardar jabun da za ta mai da shi ɗan Holan. Ɗan sandan ƙauyen ya zo ya tafi da shi, ya miƙa shi ga Jamusawa, su kuma suka buga hotonsa a jarida suna cewa ga wani mayaƙin Ingila da ba a san jinsinsa ba. Ni ban ga laifin manomin nan ba. Ya ba da abin da yake da shi, yana sane da abin da ke rubuce a bango.

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Baƙaƙen da aka ɓoye har wata tara a bayan abokan gaba ba daga jirgi suka faɗo ba, ba kuma a Turai ba ne. A Bama ne, ƙasar da sunanta ke kan barikin Burma Camp a nan Akra, a kwarin kogin Kaladan, wanda shi ma sunansa ke kan bariki a Tamale. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, da 'yan Gana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya, ta shiga wannan kwari a farkon 1944, cikin kurmin da mota ba ta shiga, abincinsu da harsashinsu daga jirgin sama ake jefo musu. Ran 2 ga Maris 1944 sojojin Japan suka buɗe wuta a kan wata ƙungiyar ma'aikatan jinya da ta kwana a bakin kogin. Cikin waɗanda aka bari kwance ana zaton za su mutu akwai Isaac Fadoyebo, Kirista ɗan Emure-Ile kusa da Owo a ƙasar Yarabawa, wanda ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, harsashi ya farfasa masa ƙafar dama. Akwai kuma David Kargbo ɗan Saliyo. Rundunarsu ta ja da baya, suka rage a ƙasar da Japan ke riƙe da ita, ba su iya ko tsayuwa.

Mutanen ƙauyukan wurin Musulmi ne matalauta, manoman shinkafa, irin waɗanda yau ake kira Rohingya. Waɗansu suka riƙa kawo musu shinkafa da ruwa cikin daji. Da damina ta kankama, wani mai suna Shuyiman, na ƙauyen Mairong, ya ɗauke su ya kai su gidansa, wurin matarsa da 'ya'yansa. Ba MI9 a bayansa, ba kuɗin jakada, ba zango na gaba da zai miƙa su. Ba kuma yadda za a yi a ce waɗannan 'yan garin ne, ko makaho ya shafa gashinsu ya san baƙi ne. In 'yan sintirin Japan sun doso sai ya ɓoye su, in sun wuce ya fito da su ya ci gaba da ciyar da su, har watan Disamba na 1944 da sojojin Ingila suka dawo kwarin suka same su da rai.

Akwai abu ɗaya cikin labarin da ba zan ɓoye wa masu bi ba, domin Isaac da kansa bai ɓoye shi ba cikin abin da ya rubuta. Su biyun sun gaya wa mutanen ƙauyen cewa su Musulmi ne, Isaac ya zama Suleman, David ya zama Dauda Ali. In ɗan ajina ya tambaye ni ko daidai ne, zan ce masa a'a, mai bi ba ya musun sunan da aka yi masa baftisma a ciki. Amma zan ƙara masa da cewa ni ban taɓa kwana da tsutsa cikin gyambona a kurmin da ba na jin harshen kowa ba, Bitrus kuwa da ya yi musu sau uku ƙafafunsa biyu lafiya lau suke, aka kuwa karɓe shi. Mu Kiristan zango, da Daudanmu da Sulemanunmu da Ishakunmu, waɗanda yawancinmu a gidan Musulmi muka fara ajiye jaka da muka iso Akra, mun san abin da suna ke buɗewa da abin da yake rufewa. Kowane suna suka faɗa masa, Shuyiman ya san abu ɗaya tabbas, cewa sojojin Ingila ne, in an same su a ɗakinsa kuwa shi da iyalinsa ne za su biya.

Isaac ya koma Nijeriya a 1945 da ɗingishin da bai rabu da shi ba har mutuwa, ya yi aikin gwamnati a Ikko, ya haifi 'ya'ya ya ga jikoki. Bai sake komawa Bama ba, abin kuwa yana cinsa a rai, domin ranar da aka kwashe su bai sami zarafin yin godiya yadda ya kamata ba. A 2011 wani ɗan jarida Bature mai suna Barnaby Phillips ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa, ya bi kogin Kaladan yana tambaya ƙauye ƙauye, har ya sami gidan. Shuyiman ya riga ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan, sun tsufa, suna kuma tune da baƙaƙen sojojin nan biyu da suka zauna a ɗakinsu. Aka karanta musu wasiƙar, suka yi kuka. Isaac ya ji labarin isar saƙonsa, ya rasu a 2012. A 2017 sojojin Bama suka far wa ƙauyukan Rohingya, mutum fiye da 700,000 daga kabilar Shuyiman suka ƙetare iyaka zuwa Bangaladash, da 'ya'yansu a baya da tsofaffinsu a kafaɗa, suna neman wanda zai ba su wurin kwana.